Malama Saratu da Katin da Na Ɓoye a Gwangwanin Madara

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a kicin ina kankare tukunyar da na ƙona shinkafa a ciki, wayata ta yi ƙara. Maman Khalifa ce, matar Alhaji Sani, dattijon da duk Bahaushen Kuala Lumpur yake nema idan an haihu ko an yi rashi. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Maman Nana, sai haƙuri. Malamarki ta rasu. Malama Saratu."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, tukunyar ta kuɓuce mini ta faɗa cikin ruwa. Ta ce jiya da la'asar ta yanke jiki ta faɗi a tashar jirgin ƙasa ta Pantai Dalam, kafin a isa asibiti da ita rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Mutanen asibiti sun ga suna, sun ga gyale, suka nemi shugaban Hausawa, tun jiyan Alhaji yake zirga-zirgar takardu har sun kammala.

"Ƙarfe sha ɗaya za a yi mata wanka, bayan azahar a sallace ta. Ke kika fi kowa kusa da ita, ke za ki kama mana wankan. Ki shirya, maigidanki ya riga ya ji."

Ta kashe wayar. Wallahi kuka bai zo mini ba. Tsoro ne ya zo, ya kama ni tun daga tafin ƙafa har sai da na dafa bango. Malama Saratu Yakubu Kirista ce. A cikin Hausawan garin nan kaf ni kaɗai na san haka, kuma ni ce na roƙe ta kada ta bari a sani.

Na rubuta wannan ne don masu makokinta a nan da gida, kuma don in faɗi abin da na yi wata goma sha takwas ina ɓoyewa. Sunana Binta. Mijina, Abban Nana, yana digirinsa na uku a fannin injiniya, ni kuma ina na biyu a tarihin addinai, muna zaune a hawa na tara na wani bene a Cheras. Farfesan da yake duba aikina ya ɗora ni a kan yadda mutane suke ziyartar kaburburan mata masu tsarki, ya ce babin farko dole ya kasance a kan Kiristocin farko da budurwoyin da suke girmamawa. Da na dawo gida Abban Nana ya tambaye ni me aka ba ni, na ce tarihin mata ne na zamanin da. Mahaifinsa malami ne a Kano, zaurensa ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu. Na san idan labari ya kai masa cewa surukarsa ta haye teku tana karanta waliyyan Kirista, tikitin komawa gida ne zai biyo baya.

A laburaren jami'a na fara ganin ta. Na ji wata tana raɗa a waya da Katsinanci tsantsa, na leƙa bayan kanta sai ga dattijuwa, ta haura hamsin, siririya, gyale ruwan toka a kafaɗa, tabarau a kan hanci. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce daga wani ƙauye take a ƙasar Malumfashi, malama ce a wata jami'a a gida, ta zo bincike na shekara biyu. Ba ta taɓa aure ba, ba ta da ɗa, kuma ta faɗi hakan ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Da na gaya mata abin da ya hana ni sukuni sai ta cire tabarau ta yi dariya.

"Ɗiyata, ai kin faɗo gidan. Shekara ashirin ke nan ina bin yaran nan."

Yaran nan take ce musu, kamar 'ya'yan maƙwabta. Ranar da na fara zuwa ofishinta ta buɗe mini wani littafi, idona ya sauka a kan zanen wata budurwa riƙe da faranti, a cikin farantin ƙwayoyin ido biyu suna kallona. Na ce a'uzu billahi, na ture kujera har ta faɗi. Malama ba ta yi mini dariya ba. Ta rufe littafin, ta ce zanen na mutanen baya ne da suke son tsorata jama'a, mu tashi mu je mu sha shayi. Mako na gaba da na koma, duk hotunan da ke bango ta lulluɓe su da tsohon gyalenta, ga sabuwar darduma a naɗe a kusurwa. Ta ce ta tambayi maigadi alƙibla, ya ce wajen taga take. Daga ranar, idan muka nutse cikin karatu ita ce take duba agogo ta ce, "Binta, azahar ta yi, tashi. Matattun nan ba inda za su je."

A bakinta na fahimci labarin da littattafai suka dagula mini. Ta ce a zamanin da sarakunan Rum suke bautar gumaka, akwai 'yan mata da suka yi alkawarin ba za su yi aure ba, sun ba Allah kansu. Idan aka kama ɗaya, sai a kai ta gaban alƙali a bainar jama'a, a ajiye kasko da garwashi a gaban gunki, a ce ta zuba turare ɗan kaɗan ta koma gida. Wasu sun zuba. Wasu sun ƙi, aka kashe su. Bayan an daina kisan sai mutane suka riƙa gina ɗakunan ibada a kan kaburburansu, suna kunna fitilu, suna ɗibar man fitilar a 'yan ƙananan kwalabe na yumɓu su kai wa marasa lafiya. Wasu sukan zura ƙyalle ta wata 'yar kafa ya taɓa kabarin, su naɗe shi su tafi da shi garinsu. Duk shekara ranar da aka kashe yarinyar sai a taru a wurin, iyaye su sa wa 'ya'yansu mata sunanta. Manyan mutane kuwa, masu mulki da masu dukiya, har rigima suke yi a kan wa za a binne kusa da ita.

Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, amma wannan ai bautar kabari ce."

Ta ce, "Da ubana yana raye da ya sa miki albarka. Mu ma a cocinmu ba ma yi. Shi da ya ga fitila a kan kabari da hularsa zai kashe ta. Ni ba na roƙon yaran nan komai. Labaransu ma da yawa an rubuta su ne bayan shekaru, an ƙara gishiri. Masu zuwa kabarin nake son in gane. Me zai sa babban mutum mai gemu ya roƙi a ba shi ɗan wuri kusa da yarinya 'yar shekara sha uku?"

Na ce ban sani ba.

"Tsoro ne, ɗiyata. Tsoron kaɗaici. Yana so ranar tashin ƙiyama ya farka kusa da wadda za ta dube shi ta ce, na san wannan."

Ita ma matsoraciya ce, kuma ba ta ɓoye ba. Ba ta shiga lif. Hawa na bakwai take zaune, da ƙafa take hawa, tana hutawa a na huɗu. Idan hadarin la'asar na garin nan ya taso aka kwaɗa tsawa, sai ta ajiye biro ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta ce in gaya mata idan ta wuce. Na taɓa tsokanar ta na ce mai bin tarihin jarumai ba ta ɗauko komai a wurinsu ba. Ta ce, "Wa ya ce miki jarumai ne? Ƙafafunsu rawa suke yi kamar nawa. Tambaya ɗaya aka yi musu a gaban mutane, suka amsa da ƙafafun suna rawa."

Yanzu zan faɗi laifina. Wata biyu da saninmu aka yi suna a gidan wata ƙawata a Cheras, na ce Malama ta zo ta ga 'yan gida, don na lura kewa tana cin ta. Muna cikin jirgi sai tsoro ya kama ni. Na matsa kusa da ita na ce, "Malama, don Allah, don girman iyayenki, kada ki faɗa musu abin da muke karantawa. Kuma kada ki ce musu ke..." Na kasa ƙarasawa. Ta juya ta kalli taga har muka wuce tasha guda.

"Ɗiyata, ba zan yi ƙarya ba. In an tambaye ni zan faɗa. Amma tunda kin roƙa, ba zan yi shela ba."

Ba wanda ya tambaye ta. Wa zai tambaya? Sunanta Saratu, ubanta Yakubu, gyalenta a kanta, tana durƙusa wa manya, bakinta ba ya rabuwa da in Allah ya yarda da Allah ya raya. Idan mata suka tashi salla sai ta karɓi jarirai ta rungume, kowa ya ɗauka ta riga ta yi tata. Cikin ɗan lokaci ta zama uwar kowa. Ita take dafa wa masu jego kunun kanwa, ita ta san inda ake samun zogale a kasuwar Indiyawa, dambunta kuwa har maza suna aiko da kwano. Da azumi ban taɓa ganin ta kai ko ruwa baki a gabana ba, da yamma kuma ta biya wajen mamak, wato masu abincin nan Indiyawa Musulmi, ta sa a ƙunsa mini abinci a leda ta ce in kai wa Abban Nana ya sha ruwa da shi. Ranar Lahadi kaɗai take ɓacewa, ta hau jirgi ta tafi wani ƙaramin coci na Indiyawa Tamilawa. Mata suka ce Malama ranar Lahadi hutawa take yi, ni kuma na ce haka ne.

Wata uku kafin rasuwarta jiri ya ɗebe ta a matakala. Washegari muna zaune a wajen mamak ɗin ta zaro wani ɗan kati daga jaka. A gabansa zanen wata yarinya ce rungume da ɗan rago, ɗaya daga cikin yaran nata. A bayansa ta rubuta lambobi biyu da hannunta, ta fastonsu da ta ƙanenta Ishaku da ke gida tare da tsohuwarsu.

"Riƙe wannan. In wani abu ya same ni a ƙasar nan, ke ce za ki ce kin san ni."

Na ce, "Haba Malama, ki daina irin wannan magana, sai kin ga auren Nana."

Ta ce, "Riƙe dai. Ba mutuwar nake tsoro ba sosai. A haƙa rami a sa ni, ba wanda ya san ko wace ce, tsohuwa tana can tana jiran waya. Shi nake tsoro."

Na karɓa. Da na isa gida na rasa inda zan ajiye hoton da Abban Nana ba zai gani ba. Na jefa shi cikin wani tsohon gwangwanin madara, na rufe, na tura bayan buhun shinkafa. Abin da na yi da amanar Malama ke nan.

To, ranar Talatar nan ina dafe da bango Abban Nana ya fito yana gyara hula, idonsa ja, don shi ma yana ƙaunar ta. Ya ce in yi sauri, kada a jira mu. Ya juya neman makullin mota, na durƙusa na jawo gwangwanin, na cusa katin a hannun rigata. Na buɗe baki in yi masa magana a bakin ƙofa, na kasa. Na ce a lif zan faɗa. Muka sauka ban faɗa ba.

A mota shaiɗan ya zauna kusa da ni ya yi ta lissafa mini. Wayarta a kulle take. Jami'a tana hutu, farfesan da ya gayyato ta ya tafi garinsu. Lambar dangi da ke cikin takardunta Alhaji ya kira ya gaji ba ta shiga. Malama ba ta rataya komai a wuya, ko an tuɓe ta ba abin da zai nuna. In na yi shiru, kafin la'asar an rufe ta, magana ta mutu har abada. Har wata zuciyar take ce mini ai gata za a yi mata, sallar mutum talatin. Idan kuwa na yi magana, kafin magariba labari ya isa Kano, karatuna ya ƙare, watakila har aurena ya girgiza. Sai kuma wani tsoron ya taso ya danne wannan. Zan bar bayin Allah su jeru sahu a kan ƙaryata? Zan hana tsohuwa gawar ɗiyarta? Kuma ranar da za a tashe mu duka, in Malama ta dube ni, me zan ce mata? Gumi ya jiƙa katin a hannuna. Abban Nana ya ga ina rawa ya rage sanyin mota, ya ce in yi ta salati.

A asibiti maza kusan ashirin suna tsaye a baranda gaban ɗakin ajiye gawa, wasu sun baro aji, wasu sun baro aiki. A ciki Maman Khalifa da wata tsohuwa 'yar ƙasar mai wankan gawa sun riga sun yanka likkafani sun ninke a kan tebur, ga sabulu, ga turare. Sanyin ɗakin ya shige mini ƙashi. Ma'aikaciyar wurin ta ce kafin a taɓa gawa sai wanda ya san ta ya duba fuska ya sa hannu. Maman Khalifa ta tura ni gaba.

Aka yaye ƙyallen. Malama ce, ba tabarau, alamarsa tana nan a kan hancinta. Bakinta a ɗan buɗe kamar za ta ce azahar ta yi. Ma'aikaciyar ta miƙo mini takarda da biro, ta nuna mini layin da zan sa hannu. A samansa, inda aka tambayi addini, wani ya riga ya cika da kyakkyawar niyya, ya rubuta Musulunci. Ta ga na daskare, ta ce, "Boleh?" wato ya yi?

Na girgiza kai. Na ajiye biron. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni baranda ba, don rawa suke yi. Na durƙusa a gaban Alhaji Sani, mijina yana tsaye a gefensa. Na yi magana sau ɗaya ba wanda ya ji, sai da Alhaji ya sunkuyo ya ce, "Me kika ce, 'yata?"

"Alhaji, ku gafarce ni. Malama ba Musulma ba ce. Kirista ce. Na sani tun farko. Ni na roƙe ta ta yi shiru."

Wani daga baya ya ce subhanallahi. Wani ya ce, "Kai, ba dai Malama Saratu ba!" Alhaji ya ce, "Kin tabbata? Wannan ba maganar wasa ba ce." Na zaro katin, ya yi laushi da gumi, na miƙa. Abban Nana ne ya karɓa. Ya kalli yarinyar da ɗan ragon, ya juya bayan, ya kalle ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallo a idonsa ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Ya ce, "Tarihin matan ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya zaro wayarsa, ya danna lambar farko da kansa. Alhaji kuwa ya cire hula ya share fuska ya ce, "Allah mun gode maka da ba mu zalunci baiwarka ba. Da mun binne wa mutane 'yarsu ba su sani ba."

Ba a yi awa guda ba faston ya iso, wani tsoho Batamile, matarsa tana biye tana kuka da ƙarfi. Ta ce shekaranjiya suna zaune tare a coci a layi na uku. Alhaji ya kira lamba ta biyu, ya yi wa Ishaku gaisuwa yadda ake yi a gida, ya gaya masa gaskiyar abin da ya kusa faruwa bai rage komai ba. Muna jin kukan tsohuwa daga can. Da ta iya magana abu ɗaya ta ce, a kawo mata ita ta kwanta kusa da ubanta. Maman Khalifa ta fito da likkafanin a hannu ta rasa yadda za ta yi da shi. Alhaji ya ambata wa Ishaku, sai ya ce, "Alhaji, ai mu ma da farin ƙyalle muke naɗe namu. In ba damuwa ku bar mata abinta." Matan cocinsu ne suka yi mata wanka, suka naɗe ta da yadin da matanmu suka yanka. Bayan kwana shida aka kai akwatin filin jirgi, kuma mazan nan da suka fito don su sallace ta kusan duk sun je. Alhaji ya ce sun fito rakiya, ba za su koma ba su raka ba.

Kada mai karatu ya ɗauka na fita lafiya. Kwana uku Abban Nana bai ci abincina ba. Ranar ta huɗu ya ce, "Binta, karatun da sauƙi, da kin gaya mini da mun yi magana. Abin da ya ƙona mini rai, kin sa dattijuwa ta shigo gidana tana ɓoye kanta, tana goya 'yata, ni ina ce mata Hajiya tana murmushi. Wane irin mutum kika ɗauke ni?" Labari ya isa Kano tun kafin magaribar ranar, kamar yadda na zata. Mahaifinsa ya kira, ya ce za a yi maganar karatuna idan mun je hutu, kuma ban san abin da za a yanke ba. Wasu mata sun daina amsa gaisuwata. Maman Khalifa ta ce mini, "Ke dai kin ba mu kunya, Maman Nana. Amma da kin sa hannun nan, da ban yafe miki ba har abada." Tsoro bai sake ni ba. Ko wannan rubutun a tsorace nake yin sa, don na san waɗanda za su karanta shi.

Abin da ya fi cin raina shi ne ban taɓa ba ta haƙuri ba. Wata goma sha shida tana rungumar jariranmu lokacin salla, tana jin ana ce mata Hajiya, ranar Lahadi ta sulale ita kaɗai kamar mai laifi, duk don kada 'yar mutane ta rasa karatunta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Ita ta shimfiɗa mini darduma a ofishinta, ni kuma na jefa amanarta a gwangwani bayan buhun shinkafa. Nana tana tambayata ina Kaka mai dambu, ina ce mata ta koma gida.

Ni ba malama ba ce, ba zan shiga abin da ban sani ba. Malama Saratu ta koma ga Ubangijin da ya halicce ta, shi ya san abin da ke zuciyar kowane bawa, kuma ba ya zaluntar kowa. Gare shi na bar ta, ina shaida a gabansa cewa ban ga komai a wurinta ba sai alheri da riƙon alkawari. Ya Allah, kai ne mai jinƙai, ga baiwarka nan a hannunka. Ka yafe mini abin da na ɗora mata. Ka ba tsohuwarta haƙurin da ya fi ƙarfin mutum, ka sanyaya mata zuciya a sauran kwanakinta. Ka ƙarfafi Ishaku da iyalinsa, ka tsare gidan Yakubu, ka raya ɗalibanta na gida da suke ce mata Mama. Ka saka wa Alhaji Sani da duk wanda ya raka ta. Mu da muke baƙunta a ƙasar mutane, ka sa mu cika da imani, kada ka ɗauki ranmu a inda ba mai cewa ya san mu.

Ishaku ya aiko mini da hoton kabarin, yana jikin na ubanta, a gindin wata bishiyar ɗorawa. Ba fitila a kai, yadda tsohon yake so.

Malama, kin ba ni aiki ɗaya, na kusa kasa yin sa. Na yi shi a makare, a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa. Yau ina sake yi a tsaye, kowa ya ji, har Kano. Sunanta Saratu Yakubu. Kirista ce. Malamata ce. Na san ta.